Yaƙin Burma: 'yanto ƙasar kakanninmu suka je yi, ko mayar wa Ingila da ita?

Dan_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai. Kakana na wajen uwa yana cikin sojojin da aka kwasa zuwa yaƙin Burma, wato Myanmar ta yau, kuma tun muna yara abin da ake faɗa mana shi ne ya je korar Japanawa da suka mamaye ƙasar mutane. Kwanan nan sai na karanta cewa Aung San, wanda 'yan Burma ke ɗauka uban ƙasarsu, tare da sojojin Japan ya shigo a 1942 yana yaƙar Ingila. Ke nan a idon masu ƙasar, Bature ne ɗan mamaya na farko. To kakanninmu 'yanto Burma suka je yi, ko mayar wa Ingila da abin da aka ƙwace mata? Ina so in san abin da zan gaya wa 'ya'yana.

Bakano_77:
Wa alaikumus salam. Ai amsar a fili take. Mutanen da ake mulka aka ɗiba su je su maido da wata ƙasa ƙarƙashin mai mulkinsu. Ba yaƙinmu ba ne, babu wani 'yanci a ciki.

Malam_Tarihi:
Bakano, a yi haƙuri kada a yanke hukunci da rabin labari. Dan_Tudun_Wada, abin da ka karanta gaskiya ne, amma akwai ci gaba. Aung San da abokansa, su talatin, sun sami horon soja a hannun Japanawa a tsibirin Hainan a 1941, suka kafa runduna a Bangkok a ƙarshen shekarar, suka shigo tare da Japan. Rangoon ta faɗi a watan Maris 1942, zuwa Mayu an kora sojojin Ingila har Indiya. Ranar 1 ga Agusta 1943 Japan ta ce ta ba Burma 'yanci, ta ɗora Ba Maw a kan mulki, Aung San ya zama ministan yaƙi. Sai dai 'yancin na baka ne kawai. 'Yan sandan sojan Japan suna kama wanda suka ga dama su azabtar, ana ƙwace shinkafa da shanu, ana kwasar mutane aikin tilas. Layin dogon da aka shimfiɗa tsakanin Tailan da Burma, mai tsawon kilomita 415, ya ci fursunonin yaƙi kusan 12,000, ya kuma ci leburori 'yan Asiya da ake ƙiyasta sun kai 90,000, da yawansu 'yan Burma. Shi ya sa ranar 27 ga Maris 1945 Aung San ya juya bindigoginsa kan Japan. A watannin ƙarshe na yaƙin, shi da kakanka gefe ɗaya suke.

Bakano_77:
Malam, na ji. Amma ai da aka kori Japan, gwamnan Ingila ne ya dawo ya zauna a Rangoon, ba Aung San ba.

Malam_Tarihi:
Ya dawo, amma zaman bai yiwu ba. Janairu 1947 Aung San ya je Landan ya sa hannu da firaministan Ingila Attlee a kan batun 'yanci, aka kashe shi ranar 19 ga Yuli na wannan shekarar, Burma ta sami 'yanci 4 ga Janairu 1948. Ko ƙungiyar renon Ingila ma ba ta yarda ta shiga ba.

SajeMaiRitaya:
Ni soja ne, na yi ritaya, kuma maganar Bakano ta sosa mini rai. Yarana, kafin a ce ba yaƙinmu ba ne, a san abin da mutanen nan suka yi. Runduna biyu aka kai daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, mutum kusan 90,000 in an haɗa da sauran ƙananan rukunoni, fiye da rabinsu 'yan Najeriya, kuma Hausa ce harshen bariki a wurin da yawansu. Ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan inda babu hanyar mota. Da adda da gatari da shebur suka fasa hanyar jif ta fiye da mil 70 cikin daji da duwatsu. Abinci da harsashi ta sama ake jefo musu da lema, daga nan 'yan dako su ɗauka a ka su hau tudu da shi. Waɗannan 'yan dako sojoji ne, amma yawancinsu babu bindiga a hannunsu, adda kawai. Ga damina mai tsanani, ga zazzaɓi, ga atini, ga matsattsaku. Bataliya uku ta Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an haɗa su da rundunar Janar Wingate, wadda ake kira Chindit, da aka sauke ta jirgi a bayan layin Japanawa a 1944. Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung. Duk wanda ya yi aiki a barikin Chindit na Zariya, ko Dalet da Kalapanzin a Kaduna, ko Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, ya san sunayen nan daga can suka zo. Wanda ya aike su yana da tasa manufa, amma jinin da ya zuba nasu ne. Ba zan yarda a ce a banza suka mutu ba.

Bakano_77:
Baba Saje, Allah ya huci zuciyarka. Ban raina jarumtarsu ba. Wanda ya aike su nake tuhuma.

Ummu_Hanifa:
Don Allah ina da tambaya. Da son ransu suka shiga, ko kama su aka yi? Don ni a ganina wannan ne zai raba gardamar.

Bazazzagiya:
Ummu, duka biyun akwai. Kakata ta ce a ƙauyensu hakimi ne ya aiko wa dagaci da adadin samarin da ake so, dagaci kuma ya zaɓi 'ya'yan waɗanda ba su da mai tsaya musu. Yayanta yana ciki. Wasu samarin sun gudu daji sai da ƙura ta lafa. Amma ta ce akwai wani maƙwabcinsu da ya kai kansa saboda bashin haraji ya yi masa yawa, ya ji ana ba da albashi da kaki. Yayan nata bai dawo ba, kuma har ta rasu ba ta san inda kabarinsa yake ba. Allah ya jiƙansu.

Ummu_Hanifa:
Amin ya Allah. Abin tausayi.

Dan_Filato:
A tuna ba masu kaki kaɗai yaƙin ya ci ba. Da Japan ta kama Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwaso talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su haƙar kuza dole, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Mutumin da ya taso a zafin Sakkwato ko Borno a kawo shi sanyin Filato ba bargon kirki, ba isasshen abinci. Mutane da yawa sun mutu. Su ba su da bariki mai sunansu, ba a kuma ambatonsu ranar 'yan mazan jiya.

Matashi_Kebbi:
Ni na ji an ce 'yan Nijar ma a gefen Hitila suka yi yaƙi. Gaskiya ne?

BaDamagare:
A'a ƙanena, ba haka ba ne, gyara zancen. Samarinmu da Faransa ta ɗiba sun yaƙi Jamus a 1940 a cikin ƙasar Faransa, an kashe da yawa, an kama dubbai fursuna. A wurare irin su Chasselay, kusa da Lyon, sojojin Jamus sun ware baƙaƙen fata daga cikin waɗanda suka miƙa wuya suka harbe su. Abin da ya faru shi ne, da Faransa ta faɗi a Yuni 1940, gwamnatin Marshal Pétain da ke Vichy ta yi sulhu da Jamus, babban gwamnan Dakar kuma, Pierre Boisson, ya bi ta. Nijar tana ƙarƙashin Dakar, sai ta tsinci kanta a ɓangaren Vichy ba tare da an tambayi kowa ba. Daga nan iyakar da ke tsakaninmu da Kano da Katsina da Daura ta zama iyakar abokan gaba. Fatauci ya yi wuya, kumandan yana karɓar hatsi da dabbobi dole, aikin tilas ya ƙaru, gidaje da yawa suka tsallaka Najeriya. Sai bayan da Amurka da Ingila suka sauka a Arewacin Afirka a Nuwamba 1942 Dakar ta sauya gefe. Talakan Damagaram bai san Pétain ba, bai san De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi sulhu da Jamus, ba, ya kwana a wani ɓangare ya tashi a wani. Aikin tilas ɗin ma bai ƙare da yaƙin ba, sai a Afrilu 1946 aka soke shi da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ɗan majalisa daga Kwaddibuwa.

Abba_Njamena:
Mu kuma a Cadi akasin haka aka yi. Gwamna Félix Éboué, baƙar fata ɗan Guyana ta Faransa, ya bi De Gaulle ranar 26 ga Agusta 1940, washegari Kamaru ta biyo. Wannan ya taimaki Ingila ƙwarai. Jiragen yaƙi ana kawo su a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wato Njamena ta yau, su bi ta El Geneina da El Fasher zuwa Khartoum har Alƙahira. Dubban jirage sun bi wannan hanya. Jirgin Jamus ya ma zo ya jefa bam a Fort-Lamy a Janairu 1942. Sojojin Leclerc, kwamandan Faransa na ɓangaren De Gaulle, da suka ci Kufra a Libiya a Maris 1941 mafi yawansu 'yan Cadi da Kamaru ne. Amma da aka zo shiga Paris a Agusta 1944, rundunar Leclerc an riga an cire baƙaƙe daga cikinta.

BaDamagare:
Abba, ka taɓo inda ke ciwo. Ƙara da Thiaroye. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin da ke kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna suka nemi a biya su kuɗinsu da aka riƙe, sai aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 aka kashe, wani rahoto ya ce 70, masu bincike suna cewa ɗaruruwa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Ban da wannan, dokar 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka, na Bafaranshe yana ƙaruwa, nasu yana tsaye shekara da shekaru. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

DanZongo_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Mu nan ranar 28 ga Fabrairu kowace shekara ana tunawa da abin da ya faru a 1948. Tsofaffin sojoji, da yawansu waɗanda suka yi yaƙin Burma, suka yi jerin gwano za su kai wa gwamna takardar koke a fadar Christiansborg saboda babu aiki, kuɗin sallama bai taka kara ya karya ba. Wani Baturen ɗan sanda ya harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Accra ta kama da wuta, aka kama Nkrumah da abokan siyasarsa biyar, aka kafa kwamitin bincike na Watson, daga nan hanyar 'yancin 1957 ta buɗe. Don haka ni amsata ga mai tambaya ita ce, ko ba su 'yanto Burma ba, sun dawo sun taimaka an 'yanto mu. Mutumin da ya ga Bature yana gudu, yana kuka, yana mutuwa kamar kowa, ba zai dawo ya ci gaba da jin tsoronsa kamar da ba.

Malam_Tarihi:
DanZongo, a Gana maganarka ta zauna. A Arewacin Najeriya kuwa sai a yi taka-tsantsan. Yawancin tsofaffin sojojinmu gona suka koma, wasu suka zama 'yan doka, masinjoji, direbobi da masu gadi. Waɗanda suka ja ragamar siyasa, irin su Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, malaman makaranta ne. Tasirin yaƙin ya fi bayyana ta wata hanyar: tsadar rayuwa da ta kai ga babban yajin aikin 1945, da kuma jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairu 1939, ita ce ta riƙa kai labarin yaƙin Hitila har ƙauye, editanta Abubakar Imam kuma yana cikin 'yan jaridar Afirka ta Yamma da suka je Ingila a 1943 tare da Azikiwe.

Lauya_Maryam:
Ni takarda nake so mu duba. A Agusta 1941 shugaban Amurka Roosevelt da firaministan Ingila Churchill suka fitar da sanarwar Atlantika, sashe na uku ya ce kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓen gwamnatin da za ta mulke ta. Wata guda bayan haka Churchill ya tsaya a majalisa ya bayyana cewa ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye ake nufi, ban da Indiya da Burma da sauran daular Ingila. Da bakinsa ya ambaci Burma. Saboda haka niyyar Ingila ba ɓoyayya ba ce, Bakano yana da hujja. Kuma ranar da Turai ke bikin gama yaƙi, 8 ga Mayu 1945, ita ce ranar da Faransawa suka fara kashe 'yan Aljeriya a garin Sétif.

Injiniya_Sule:
Abin da ke ƙona mini rai shi ne Jamus da Japan da aka ci da yaƙi, aka mamaye, yau su ne manya. Amurka ta zauna a Japan daga 1945 zuwa 1952, ta bar Sarki Hirohito a kan karaga, ta raba wa manoma filaye, ta sa aka rubuta tsarin mulkin 1947. Yammacin Turai ta sami tallafin Amurka na shirin Marshall na dala biliyan 13, a 1953 kuma aka yafe wa Jamus ta Yamma kusan rabin bashinta a Landan. Mu da muka ba da jini da gyaɗa da kuza me aka ba mu?

Hajiya_Malama:
Injiniya, kada ka manta ƙasashen nan suna da masana'antu da injiniyoyi da jama'a masu ilimi tun kafin yaƙin. Gini ne ya rushe, ilimin yana nan. Kuma ba don ƙauna aka tashe su ba, don tsoron Tarayyar Sobiyet ne. Ita kanta Sobiyet ɗin a Agusta 1939 yarjejeniya ta ƙulla da Hitila suka raba Poland, sai da ya auka mata a Yuni 1941 ta koma abokiyar Ingila. Kowace ƙasa buƙatarta take bi.

Admin_Zaure:
Jama'a, muna nisa. Maganar Jamus da Japan a buɗe mata nata zaren. Tambayar Dan_Tudun_Wada a kan Burma take.

Dr_Gombe:
Bari in dawo da mu. Kuskuren da muke yi shi ne muna cewa "'yan Burma" kamar mutum ɗaya ne. Ƙabilar Bamar masu rinjaye su ne suka fi bin Aung San. Amma Karen da Kachin da Chin da yawansu tare da Ingila suka yi yaƙi tun daga farko, kuma rundunar Aung San ta kashe Karen a yankin bakin kogin Irrawaddy a 1942. Inda kakanninmu suka fi yin yaƙi, wato Arakan da ake kira Rakhine yanzu, abin ya fi muni. Da Ingila ta janye a 1942, 'yan Buda na Rakhine suka karkata ga Japan, Musulmi suka karkata ga Ingila, aka yi kashe-kashe tsakaninsu, kowane ɓangare ya rasa dubbai, Musulmi suka taru a arewa, 'yan Buda a kudu. Musulmin nan, kakannin Rohingya na yau, su ne suka riƙa yi wa sojojin Ingila leƙen asiri da ja-gora. Akwai labarin Isaac Fadoyebo, sojan Najeriya da aka harba a bakin kogin Kaladan a Maris 1944, shi da wani Saje ɗan Saliyo. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye su, yana ciyar da su wata da watanni alhali in Japanawa suka gane kashe shi za su yi da iyalinsa. Ga irin wannan mutumin, zuwan sojojinmu ceto ne. Amma da Ingila ta tafi ta bar su. Karen suka ɗauki makami a 1949, dokar 1982 ta hana Rohingya zama 'yan ƙasa, a 2017 fiye da 700,000 suka gudu Bangladesh. Raunin 1942 bai warke ba har yau.

Ummu_Hanifa:
Innalillahi. Dakta, wallahi ban taɓa sanin cewa inda Rohingya suke nan ne kakanninmu suka yi yaƙi ba.

SajeMaiRitaya:
Haka ne 'yata. Tsofaffin da na tarar a bariki suna ba da labarin yadda suka shiga ƙauyuka suka tarar da masallatai, mutanen gari suna mamakin ganin baƙin soja yana alwala. Sarkin Katsina Usman Nagogo ma ya je can ya duba su. Kuma kafin Burma, birged ɗin Najeriya ne ya shiga Mogadishu a Fabrairu 1941 ya bi Italiyawa har cikin Habasha, Haile Selassie ya koma Addis Ababa 5 ga Mayu 1941. Bakano, wannan fa? Shi ma ba 'yanci ba ne?

Bakano_77:
Baba Saje, na Habasha na yarda da shi ɗari bisa ɗari, ƙasar Afirka ce aka ƙwato daga Musolini. Na Burma dai har yanzu ina kan bakana. Lauya Maryam ta kawo maganar Churchill, ni ita ce hujjata.

Dan_Tudun_Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karu sosai, musamman da bayanin Dakta da na Baba Saje. Amma har yanzu akwai abin da ban warware ba. In niyyar wanda ya aika daban, abin da aikin ya haifar kuma daban, da wanne za a auna sojan da aka aika?

Hajiya_Malama:
Da abin da hannunsa ya aikata, ɗana. Bai zauna a teburin Churchill ba.

Lauya_Maryam:
Hajiya, na yarda ba za a tuhumi sojan ba. Amma in muka tsaya a nan, mun sauke wa Ingila nauyi. Har yau akwai iyalan da ba a taɓa gaya musu inda nasu ya faɗi ba, kamar yadda Bazazzagiya ta faɗa. Wannan haƙƙi ne da ya kamata gwamnatocinmu su nema.

Dr_Gombe:
Bazazzagiya, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da rajista a intanet, ana bincika ta da suna ko lambar soja. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon, wato Rangoon ta da, akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba, 'yan Afirka ta Yamma suna ciki. Matsalar ita ce da yawa an rubuta su da sunan gari maimakon sunan uba, irin su wane Zariya ko wane Sakkwato, don haka sai da lambar za a tabbatar.

Bazazzagiya:
Na gode Dakta. Lambar ce ba mu da ita. Zan tambayi kawuna ko akwai wata takarda da ta rage a gidan. Akwai wanda ya san ko gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna yana da jerin sunayen waɗanda aka ɗiba daga lardin Zazzau?